Wa Ya Shaidi Dillalinka?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa mana ƙasa muke noma a kanta, muke gini a kanta, kuma a cikinta za a rufe mu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako. 

A wannan mako za mu duba wata wasiƙa da ta zo mana daga ƙasar Kabo. Mai wasiƙar malamin makarantar firamare ne da ya ajiye aiki bayan shekara 35 yana koyarwa. An biya shi kuɗinsa na sallama, yana so ya sayi fuloti a Gwarzo kusa da bakin titi, ya gina ɗakuna ko shaguna waɗanda hayarsu za ta riƙe shi da iyalinsa. Dillalai biyu suka yi masa sallama. Na farko saurayi ne mai ofis, da katin shaida a wuya, da takardar kamfani a cikin gilashi rataye a bango. Na biyu dattijo ne wanda ba ya da ko takarda ɗaya, amma kullum ana ganinsa a sahun farko a masallaci. Malamin yana tambaya, wanne daga cikinsu shari'a ta fi son ya amince da shi?

Amsarmu a taƙaice ita ce, Malam, har yanzu ba ka san ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ka gani a wurin saurayin da abin da ka gani a wurin dattijon duka abubuwa ne da su da kansu suka nuna maka, alhali kuwa shaidar mutum a bakin wasu ake nemanta. Za mu yi bayani dalla-dalla, domin tambayar ta shafi mutane da yawa. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Gwarzo ya ga yadda gine-gine suka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero suna nausawa yamma, kuma tun da Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kabo cikin 2022, masu gonaki da masu kuɗi suka ƙara sa ido a kan ƙasa. Inda fili ya yi daraja kuwa, nan dillalai suke yawa, na kirki da na banza.

DILLANCI SANA'A CE HALATTACCIYA

Da farko ya kamata mu kawar da wani zato, watau ɗaukar dillanci a kan sana'ar mayaudara. Imamu Buhari ya buɗe babi a cikin Sahihinsa game da ladan dillali, ya kawo cewa manyan tabi'ai irin su Ibnu Sirina da Aɗa'u da Hasanul Basari ba su ga laifinsa ba. Haka kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga sahabi Ƙaisu ɗan Abu Garaza cewa a Madina ana kiransu dillalai, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira su da sunan 'yan kasuwa, ya kuma hore su da yawan sadaka saboda rantsuwa da maganar banza da ke shiga cikin ciniki. Ashe ke nan ya girmama sana'ar, ya kuma nuna inda ciwonta yake, watau harshe.

Ma'aunin wanda za a ɗauka aiki kuwa yana cikin Suratul Ƙasasi, aya ta 26, inda ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyu na Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, ta kafa dalili da siffofi biyu, ƙarfi da amana. Malamai sun ce ƙarfin kowane aiki gwargwadonsa ne. Ƙarfin dillalin fili shi ne sanin filin, da sanin mai shi, da sanin hukuncin shari'a da dokar ƙasa a kansa. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai san hukuncin addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Saboda haka binciken cancantar mai sana'a kafin a miƙa masa dukiya tsohon abu ne a wurinmu, ba Turawa suka zo da shi ba.

ABIN DA KOWACE TAKARDA TAKE SHAIDAWA

Mu fara da saurayi mai takardu. Kuskuren da 'yan kasuwa da ma'aikata da yawa suke yi shi ne ɗaukar kowace takarda mai hatimi a kan shaidar gaskiya. Kowace takarda da abin da take shaidawa, kuma ba ta wuce shi.

Takardar rajistar kamfani tana fitowa ne daga hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1990. Abin da take nunawa kawai shi ne akwai kamfani ko sunan kasuwanci mai wannan suna. Ba ta ce mai shi ya san aikin ƙasa ba, ba ta kuma ce filin da yake tallatawa yana da ikon sayar da shi ba. Katin ƙungiyar dillalai shi ma yana da amfani, domin idan rigima ta taso akwai shugabannin da za ka kai wa ƙara, amma sai ka taka ka je wurin shugabannin sun ce maka lalle sun san shi. Kati abu ne da ake bugawa a kowane shagon ɗab'i.

Sa'an nan akwai masu sana'a uku waɗanda mutane kan cuɗanya aikinsu da na dillali. Na ɗaya shi ne masanin kimanta gidaje da filaye, wanda ya yi karatun wannan fanni, kuma sunansa yana cikin rajistar hukumar da ake taƙaita sunanta da ESVARBON, wadda doka mai lamba 24 ta 1975 ta kafa. Irin wannan yana da lambar rajista da hatimi nasa, shi ne mai rubuta ƙimar gida da banki ko kotu za su dogara da ita, kuma idan ya ci amana hukumarsa tana iya cire sunansa. Na biyu shi ne safiyo, mai auna ƙasa ya zana taswirarta ya kafa duwatsun iyaka, shi kuma hukumarsa ita ce SURCON, wadda aka kafa cikin 1989. Na uku shi ne lauya, wanda doka ta keɓe wa rubuta takardar miƙa mallakar ƙasa da lada. Idan mutum ya ce maka shi ɗaya ne daga cikin ukun nan, nemi cikakken sunansa da lambarsa, ka sa ɗanka ko wani mai ilimin zamani ya bincika a hukumar. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, shi da kansa zai miƙo maka lambar.

Dillalanmu na gargajiya, waɗanda ke zaune a gindin bishiya a Gwarzo ko Getso ko Garo, ba sa cikin waɗannan rajistoci, kuma wannan ba aibi ba ne a gare su muddin sun tsaya a kan aikinsu, watau haɗa mai saye da mai sayarwa. Aibin yana zuwa ne ranar da dillali ya zama shi ne safiyo da igiyarsa, shi ne lauya da alƙalaminsa, shi ne kuma shaida. Wanda ya tara wa kansa waɗannan ayyuka duka, ya toshe duk ƙofar da za ka leƙa ka gane kuskurensa.

Dole kuma dillali ya san dokar ƙasa ta 1978. Wannan doka ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin jama'a. Abin da kake saye a gaban hukuma shi ne haƙƙin zama da amfani da wurin. A wuraren da aka ayyana a matsayin birane gwamna ke ba da wannan haƙƙi, a karkara kuwa ƙaramar hukuma, kuma ana bukatar yardar wanda ya bayar kafin a miƙa shi ga wani. Saboda haka tambayi dillalinka, filin nan na shatar gwamnati ne ko awon igiya ne? Idan akwai takardar shaidar mallaka, je da lambarta ma'aikatar ƙasa ta jiha a Kano a duba sunan wa take ɗauke da shi, da ko an ajiye ta jingina a banki. Idan awon igiya ne, je sashen ƙasa na ƙaramar hukumar Gwarzo ko ta Kabo ka ji ko an shata hanya ko makaranta ko kasuwa a wurin. Takardar mai unguwa da dagaci da hakimi tana da nauyi ƙwarai, domin su suka san tarihin kowace gona da iyakarta, amma shaidar ciniki ce, ba ta ɗauke maka zuwa ofishin ƙasa ba. Dillalin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi, ko ya ce maka ɓata lokaci ne, ya faɗi a sharaɗin farko.

YADDA AKE GANE AMANA

Yanzu mu koma kan dattijon sahun farko. Malaman fiƙihu suna kawo wani labari a babin tsarkake shaidu. Wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar zai ba da shaida, Umar bai san shi ba, sai wani ya tashi ya ce shi ya san shi da adalci. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa wanda ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa yin tafiya tare, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa yin mu'amalar kuɗi, ya ce a'a. Sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba, watakila dai ya gan shi ne yana salla a masallaci.

Kada wani ya fahimci cewa muna rage darajar salla. Salla haƙƙin Allah ce, muna kuma kyautata wa dattijon zato. Amma Sarkin Muminai, wanda ya fi mu sanin darajarta, bai karɓe ta a madadin shaidar mu'amala ba. To, tambayoyinsa uku su ne ma'aunin da za ka ɗora dillalan nan biyu a kai. Je unguwar kowannensu ka tambayi maƙwabta da mai unguwa. Nemi ya faɗa maka mutum uku da ya taɓa saya musu fili shekarun baya, ka je ka same su ba tare da shi ba, ka ji ko sun yi gini lafiya, ko kuwa wani ya fito musu da wata takardar. Ka nemi wanda ya taɓa sayarwa ta hannunsa, ka ji ko kuɗinsa sun zo masa cif. A ƙasa irin tamu, inda mutumin Kutama ya san na Lakwaya, na Gude ya san na Durun, wannan bincike bai fi yinin kasuwa biyu ba. Matambayi ba ya ɓata.

Bayan shaidar mutane, sai ka lura da yadda yake tafiyar da cinikin, domin a nan hali yake fitowa.

Abu na farko, ya kai ka gaban mai fili ido da ido, ku taka iyakar tare da maƙwabtan gonar, kowa ya nuna gambarsa ko bini-da-zugunsa. Dillalin da ya ce mai wurin ba ya son a san shi, cinikin biri a sama yake kiranka. Annabi ya hana Hakimu ɗan Hizamu sayar da abin da ba ya hannunsa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya sayar da kayan wani ba da izni ba, cinikin yana rataye ne a kan yardar mai kayan. In ya ƙi, an warware, kai kuma ka shiga bin kuɗinka.

Abu na biyu, kuma shi ya fi jawo shari'a a kotunanmu, shi ne gonar gado. Sau da yawa babban wa ne yake kawo wa dillali gonar da ba a raba ba, alhali akwai ƙannensa mata da suke aure a Malumfashi ko cikin Kano, akwai kuma marayu ƙanana. Rabonsa kaɗai yake da iko a kai. Ko rabon nasa ma ya sayar, Risala ta Ibnu Abi Zaidin da ake karantawa a zaurukanmu ta bayyana cewa abokan tarayya a abin da ba a raba ba suna da haƙƙin shufu'a, watau su biya ka kuɗinka su karɓe wurin, kuma wanda yake nan yana da wannan dama har shekara guda. Rabon maraya kuwa ba a taɓa shi sai ta hannun wasiyyi ko alƙali, bisa maslahar yaron. Dillali mai tsoron Allah shi zai fara tambayar takardar rabon gado daga kotu tun kafin kai ka tambaya. Wanda ya ce maka matan ba su da matsala, ka ce a kira su su faɗa da bakinsu.

Abu na uku, la'ada. Malamanmu sun sa aikin dillali a babin jinga, wadda sharaɗinta shi ne a san ladan tun farko, kuma ba a cancance shi sai aiki ya kammala. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa bai so a ɗaura ladan a kan kowane dinari na kuɗin kaya ba, saboda ba a san inda zai tsaya ba, ko da yake malamai da yawa na baya sun sauƙaƙa a kan kaso sananne da al'ada ta gudana a kai. Mafita daga saɓani ita ce a ambaci adadi, a kuma faɗi wanda zai biya, kafin a fara taya. Abin da babu saɓani a kan haramcinsa shi ne wakili ya ce wa mai fili an saya miliyan biyu, ya ce wa mai saye an sallama miliyan biyu da rabi, ya haɗiye tsakani ba da sanin kowa ba. Haka nan kawo abokinsa ya yi tayin ƙarya don ya zuga ka, wannan shi ne najashu da Annabi ya hana. Idan ka ji ana cewa wani Alhaji yana nan tafe da kuɗi gobe da safe, ka ce Allah ya sanya masa albarka, ka ci gaba da bincikenka.

Abu na huɗu, kafin alƙalami. Imamu Malik ya buɗe littafin ciniki na Muwaɗɗa da hana irin wanda ake cewa in ka fasa kuɗinka sun tafi. In za ka bayar, a rubuta cewa yana cikin kuɗin fili in ciniki ya faɗa, a mayar maka in bai faɗa ba, kuma a hannun mai fili za ka sa shi gaban shaidu.

Abu na biyar, rubutu da biya. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka. Wanda ya ce tsakaninku ai babu rubutu saboda yarda, yana neman ya fi Alƙur'ani sanin halin ɗan Adam. A rubuta iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, da tsawo da faɗi, da kuɗi, da sunayen shaidu waɗanda ba su da rabo a cikin la'adar. Kuɗin kuma a tura su asusun mai fili kansa. Ban da kasancewar takardar banki shaida ce da ba ta mantuwa, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗin da suka wuce Naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba.

GA MAI SAYARWA DA DILLALI

Mai sayarwa shi ma yana da nasa. Kada ka miƙa wa dillali asalin takardarka, ba shi hotonta ya isa. Kada ka ba mutum biyar tallan wuri ɗaya ba tare da kowa ya san da ɗan'uwansa ba, domin ta nan ne ake sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. In wurin yana da aibi, kamar kwanciyar ruwa da damina ko rigimar iyaka, ka faɗa, kada ka ɓuya a bayan dillali ka ce ba kai ka yi magana ba. Zunubin da ka wakilta wani ya yi maka, da kai za a raba.

'Yan'uwanmu dillalai kuma, kada ku ɗauki wannan bayani a kan suka. Binciken da muke koya wa jama'a ribar mai gaskiya ce a cikinku, domin shi ne zai raba shi da wanda ya shigo sana'ar jiya da jaka a hannu. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, sai da ya keɓe littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum yake keɓanta da ƙasa. Abin da malami irin wannan ya ba muhimmanci haka, bai kamata mai cin abinci da shi ya zauna cikin jahilcinsa ba. Ku je wurin malamai ku karanta babin ciniki, ku je ofishin ƙasa ku koyi yadda ake bin takarda.

To, Malam mai wasiƙa, ga abin da muke ba ka shawara. Ɗauki takardun saurayin ka bi kowace zuwa inda ta fito, sa'an nan ka nemi waɗanda suka yi mu'amalar kuɗi da shi. Dattijon kuma ka nemi shaidar maƙwabtansa da abokan cinikinsa, in ta yi kyau ka riƙe shi, amma ka ɗauki safiyo da lauya su cike abin da bai sani ba. Wanda ya haye duka biyun shi ne dillalinka, ko mai kati ne ko mai carbi. Kuɗin da za ka kashe a mota da awo da rubutu kaɗan ne a kan gumin shekara 35, wanda in ya tafi ba ka da ƙuruciyar da za ka sake tara wani.

Mu duka kuma mu tuna da hadisin Sa'idu ɗan Zaidu da ke cikin Buhari da Muslimu, wanda ya yi gargaɗin cewa mai cin ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya ranar ƙiyama har ƙasa bakwai. Mai saye da ya ji ƙishin-ƙishin cewa akwai haƙƙin marayu a wuri, ya toshe kunnensa don araha, kada ya yi zaton takardar da ke hannunsa za ta yi masa jawabi a can.

Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, ya sanya albarka a cikin abin da muka mallaka. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin jinginar gona da cin amfaninta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.